Bashi Mubanga da Injin da Ya Ƙi Zafi

A unguwarmu ta Chimwemwe, a birnin Kitwe, babu injin lantarkin da ya isa ya mutu sai da yardar Bashi Mubanga, wato baban Mubanga a yarenmu. Ya koyi naɗin wayar cikin injin a ma'aikatar haƙar jan ƙarfe, da aka rage ma'aikata ya kafa rumfa a bayan kasuwa. In an kawo masa injin da ya ƙone, sai ya tara itace da tsohuwar taya, ya babbake shi kamar kan akuya har tsohuwar wayar ta saki, ya naɗa wata wadda ba ta kai ta fari kauri ba. Injin ya tashi, amma da zazzaɓi, kuma da ƙishirwar wuta.

"Zafi ai alamar ƙarfi ne," haka yake cewa. "Kun taɓa ganin namiji yana aiki ba gumi?"

Injin niƙan Bana Chilufya, wato maman Chilufya, shi ne abin alfaharinsa. Ya sha naɗi har ita mai shi ta daina tuna sau nawa. A bayan injin ma'aikata ke ɗumama nshima, tuwon masararmu, mata masu jiran gari suna shanya zanen goyo.

Sai 'yarta Nsofwa ta dawo daga kwalejin fasaha. Ta taɓa injin, ta janye hannu.

"Mama, wannan murhu kike ciyarwa. Rabin wutar ba ta isa ga masara."

Aka sayo sabo, ƙarami, mai aiki shiru. Mitar wuta ta daina gudu kamar an biyo ta. Ma'aikata suka yi fushi, don sun koma cin tuwo da sanyi, wata tsohuwa kuma ta rantse garin ya rage daɗi.

Bashi Mubanga ya zo da kwat ɗinsa ta zuwa coci, kamar mai ta'aziyya. Ya dafa sabon injin, ya girgiza kai.

"Bana Chilufya, an sayar miki da gawa. Jikinsa sanyi ƙalau."

"Gawar tana niƙa, Bashi Mubanga."

"Kafin damina za ku nemo ni."

Ya ɗauko kujera ya dasa a ƙarƙashin mangwaron da ke fuskantar wurin, yana jiran hayaƙi. Damina ta zo ta wuce. Masu niƙa da masu yankan katako suka riƙa leƙo injin, suna gaishe da Bashi Mubanga a kunyace, suna wucewa su sayo irinsa. Rumfarsa ta zama wurin kwanan kaji, matarsa ta fara aikensa cefane.

Nsofwa ce ta tsallako wata safiya.

"Baba, hannunku a naɗi babu irinsa. Wutar itacen ce ke lalata ƙarfen ciki. Ga injin famfo, amma a tanderu mai ma'aunin zafi za a gasa shi, waya kuma daidai da ta asali."

Ya ce zai duba ko yana da lokaci.

Yanzu shi ne shugaban masu naɗi na kasuwarmu. Makon jiya na ji shi yana wanke wani abokin sana'a da ya hura itace.

"Mu a ma'aikata ko a mafarki ba mu yi wannan jahilci ba. Yarinyar nan ta Bana Chilufya ma, da ƙyar na fahimtar da ita."