Dutsen Niƙan da Na Sa Aka Goge

Shekarun baya, farkon zuwan shari'a, lokacin da masu kaset a tashar Jibiya suka sauke waƙoƙi suka jera wa'azi, na tafka wata wauta da har yau in na tuna sai in yi dariya, wani lokacin kuma ido ya ciko.

Mahaifiyata tana zaune a Daddara, idanunta sun soma tafiya. Na je gaishe ta wata rana, cikin hira ta ce ba abin da take marmari kamar ta sake jin muryar Iya, wato mahaifiyarta, wadda ta rasu tun ina firamare. Muryar kuwa tana nan a kaset ɗaya tak, a hannun kawuna, direban da ke jigila tsakanin Maraɗi da Jibiya. Yana saurayi ya sayi rakoda, ya lallaɓa ya ajiye ta gefen Iya tana niƙa tana waƙa, ba ta ma sani ba.

Maigidana malamin makaranta ne, kuma a lokacin ya sayo kwamfuta ta gwanjo mai buga faifan sidi. Ya ce in an samo kaset ɗin zai mayar da shi faifai, mu haɗa wa mahaifiyata da 'yar rediyo mai cin sidi. Kawu ya kawo shi ranar kasuwa, naɗe cikin tsumma kamar laya. Ya ba mu mako guda, ya kuma gargaɗe ni cewa zaren ya tsufa. "In ya tsinke, ɗiyata, mun sake binne Iya ke nan."

Maigida ya goge kan rakoda da auduga da sifirit, ya haɗa waya zuwa kwamfuta, aka yi bisimilla. Dab da ƙarshe rakodar ta tauna zaren. Da kyar ya zaro shi, ya miƙe shi da yatsa, ya naɗe da biro. Allah ya taimaka muryar ta riga ta shiga.

Da muka saurara, sai na ji wani shuu, shuu yana bin muryar Iya daga farko har ƙarshe. Na ɗauka tsufan kaset ne. Kuma, in faɗi gaskiya, a kwanakin nan kullum a Islamiyya zancen kiɗa ake, ga ƙarar nan tana zuwa da tsari kamar ana kaɗa wani abu. Zuciyata ba ta kwanta ba. Na ce murya zalla nake so. Maigida ya ce akwai inda ake rage hayaniya a kwamfutar, amma kaɗan ake taɓawa. Ni kuwa, da ɗan ilimina na sakandare, na tsaya a kansa kamar sufeto, in ya rage in ce ya ƙara. Har wani wuri da akuya ta yi kuka Iya ta katse waƙar na sa aka yanke. Don kada mu rikice ma, na ce ya share na farkon da muka ɗauka daga kwamfutar. Ya dube ni, ya share.

Ya buga faifan a hankali, don ya ce wanda aka buga da gudu tsalle yake yi. Wuta ta ɗauke ta lalata mana biyu, na uku ya fito. Na kai Daddara ina ta fara'a.

Mahaifiyata ta kasa kunne, ta jima, sannan ta ce, "Wace ce wannan?"

Na ce Iya ce mana.

"Iya ba ta waƙa a zaune. Wagga kamar daga cikin rijiya. Ke 'yar nan, ina dutsen?"

Sai a sannan na gane. Shuu ɗin da na yi yaƙi da shi, dutsen niƙa ne. Da aka cire shi, Iya ta zama mace mai haki babu dalili. Malamarmu ta Islamiyya da na ba ta labari, dariya ta yi har da riƙe ciki, ta tambaye ni tun yaushe dutsen niƙa ya zama ganga.

Gyara ɗaya ne, a sake kunna kaset ɗin, ga zaren ya riga ya yamutse. Na so mu yi a ɓoye, amma amana ce. Na samu kawu a bakin iyaka yana jiran takardun duwan, wato kwastan na Nijar, na faɗa masa komai, har taunar da rakoda ta yi. Ya dubi tayar motarsa, sannan ya ce tun da yayarsa ce ke so, a kunna, amma a gabansa.

Mu uku muka zauna da hantsi, ba mai tari. Da aka zo inda ya yamutse, muryar Iya ta yi rawa, ta nutse, kawu ya dafa gwiwa. Sai ta fito. Wannan karon maigida bai taɓa komai ba, ni ma na koma gefe na kama bakina.

Da na kunna wa mahaifiyata sabon faifan, sai na ga hannayenta bisa cinya suna gaba suna baya, daidai da dutsen. Can akuyar nan ta yi kuka, Iya ta katse waƙa ta kira sunan mahaifiyata, ta ce ta kore ta daga tsaba. Tsohuwa mai jikoki, ido ba ya gani, sai ji na yi ta amsa a hankali, "To, Iya."

Mahaifiyata ta rasu tuni, Allah ya jiƙanta, ya jiƙan Iya. Faifan yana wurina, 'ya'yana ma sun zuba shi a waya. Sukan ce, Umma, akwai ƙara a ciki, bari mu gyara maki. Nakan ce su bar min abuna. Na taɓa gyara shi sau ɗaya, na share tsakar gidan har na share masu gidan.