Saja Gwadabe da Mukullin da ke Cikin Rijiya

Duk wanda ya saba bi ta ƙofar gidan Saja Gwadabe a Unguwar Gai bayan sallar asuba ya san abin da zai gani. Zai tarar da shi a zaure a kan tabarma, rediyo a gefe tana ta surutunta ba mai saurarenta, ya shimfiɗa tsohon hankici a cinya ya ɗora ankwarsa a kai. Sai ya ɗauko 'yar kwalbar man keken ɗinki ya ɗiga a gaɓar ankwar, ya naɗe ta, ya buɗe, ya kara a kunne yana sauraren haƙoranta. Matarsa Barira ta sha gaya masa cewa da takalmansa suna samun rabin gatan da ƙarfen nan yake samu, da ba ta riƙa jin kunya ba in ya fita.

"Takalmi ƙafata kaɗai yake shiga," in ji shi. "Wannan kuwa hannun ɗan wani take shiga."

A watan nan ya ajiye kaki. Na san ba mu saba yabon ɗan sanda ba, kuma ba a banza muka ƙi sabawa ba. An ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. To, Gwadabe ya yi talatin da biyar tsakanin Rano da Kibiya, sauran biyar ɗin mun yafe masa.

Ankwarsa ba irin tsohuwar nan ba ce mai sarƙa a tsakiya, wadda mutum zai iya ɗan motsa hannu har ya sosa hanci. Wannan zobbanta biyu a haɗe suke da gaɓa irin ta ƙyauren ƙofa. Tana naɗewa, amma ba ta juyawa. Wanda aka sa wa ita, in aka riƙe tsakiyar aka ɗan murɗa, ko ƙato ne sai ya durƙusa. Akwai waɗanda saboda wannan murɗawar suke sonta. Gwadabe kuwa saboda ita yake tsoronta.

Shi ya sa yake da wata ɗabi'a da abokan aikinsa suka daɗe suna yi masa tsiya a kanta. In ya sa wa mutum ankwa, sai ya zura ɗan ƙaramin yatsansa tsakanin ƙarfen da fata. In yatsan bai shiga ba, ya sassauta. In ya shiga, sai ya juya mukullin ya danna tsininsa a wani ɗan rami da ke gefen zoben, haƙoran su tsaya cak, ta yadda duk jan da za a yi ba za ta ƙara matsewa ba. Bayan nan ya yafa hankicinsa a kan hannuwan, don kada a ratsa kasuwa da mutum 'ya'yansa suna gani. Suka sa masa suna Ungozoma, wai lallaɓa ɓarayi yake yi kamar jarirai. Bai taɓa musa sunan ba.

Kai ne, Gwadabe, wanda ɓarawon akuya ya fito daga kurkuku ya fara zuwa gaishe ka kafin ya je gida. Kai ne ka kama ba ka karya ba. Amma mutanen Kibiya, in aka ambaci sunanka, ranar guda suke tunawa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ce, yana kofur a lokacin. Jama'a suna cike da murna, kuma sun cancanci murnarsu. Sai dai a kowace murna ba a rasa masu wuce gona da iri, waɗanda suka ɗauka daga ranar kowa ya zama alƙalin kansa. Ran kasuwa ne, rana ta take. Wani matashin tela daga Saji, Ishiyaku, ya zo sayen zare da yadi. Ya jingine keken hawansa a gindin tsamiya inda kowa yake jinginewa. Da ya gama sayayya ya dawo, kansa yana wajen ɗinkin da ya bari a gida, ya ja keke ya hau. Baƙi ne kamar nasa, da jar rigar sirdi kamar tasa, don a wannan zamanin duk wajen mutum ɗaya ake sayen rigar sirdi. Keken kuwa na wani manomi ne, Lado.

Bai yi nisa ba Lado ya kwarma ihu. Kalmar ɓarawo a kasuwa ba ta bukatar fassara. Kafin Ishiyaku ya gane da shi ake, an tuge shi daga kan keken, an yaga masa riga, bakinsa ya fashe. Yana ta cewa nasa yana can gindin tsamiya, a je a duba, amma wa zai je duba alhali ga ɓarawo a hannu?

"Rana dubu ta ɓarawo!" wani ya ce.

"Ai yanzu Shari'a ake yi," in ji wani. "A cire hannun kawai!"

Haka aka ja shi zuwa layin mahauta, aka danne hannunsa na dama a kan kututturen da Sallau mahauci yake sara nama. Sallau ba mugu ba ne, kowa ya shaida. Amma mutum ɗari suna kiran sunansa, ga wuƙa a hannunsa, sai ya ji kamar aikin lada aka kira shi.

Gwadabe shi kaɗai ne mai kaki a kasuwar, ba bindiga, daga kulki sai ankwa. Ya hango hannun a kan kututture, ya ga kanta a babban yatsan, irin ta mai riƙe almakashi. Ya san in ya ce a bari ba mai jin sa, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ya ji tsoro ƙwarai, shi da kansa yake faɗa. Sai ya ɗaga ankwar sama ya daka tsawa.

"Ku matsa in ɗaure muku shi, kada ya fizge!"

Nan da nan aka buɗa masa hanya, har da masu yi masa kirari. Ya durƙusa ya sa zobe ɗaya a hannun Ishiyaku. A cikin wannan hargowar, jama'a suna tura shi ta baya, sai da ya zura ɗan yatsansa, sai da ya danna tsinin mukulli a ramin. Sa'an nan ya ɗauki ɗaya zoben ya garƙama a nasa hannun na hagu. Kafin kowa ya gane abin da ya faru, ya wurga mukullin cikin rijiyar mahauta da ke kusa, ya naɗe gaɓar ankwar, hannunsa ya hau kan na telan a bisa kututturen.

"To, Sallau, bisimilla," ya ce. "Nawa ne a sama. Fara da shi."

Sallau ya dubi hannuwan biyu, ya dubi wuƙarsa.

"Haba, Kofur, janye hannunka mana."

"Ina zan janye shi? Ba sarƙa a tsakani. Mukullin kuma ka ga inda ya tafi."

Waɗanda suke baya ba su ga abin da ya faru ba, suka kama ƙafafun Ishiyaku suna ja. A nan ne Gwadabe ya tuna abin da bai yi ba. Ya tsayar da haƙoran ɓangaren telan, amma bai samu sukunin tsayar da nasa ba. Duk ja ɗaya sai ya ji ƙaras, ƙarfen ya ƙara shiga. Ya ji shi ya wuce fata, ya ji yatsunsa sun fara mutuwa. Ya cije leɓe ya ƙanƙame kututturen da ɗaya hannun, bai bari kowa ya ga fuskarsa ba sai Ishiyaku, wanda yake kuka yana cewa, "Yallaɓai, hannunka, hannunka."

Allah ya kawo Malam Muhammad Auwal, mai makarantar allo a bayan kasuwa, ya ratso da sandarsa. Dattijo ne da ba ya ɗaga murya, shi ya sa in ya ɗaga ake ji.

"Wace Shari'ar ce wannan?" ya ce. "Ina alƙalin? Ina shaidun? A wane littafin kuka ga an ce mahauci ya yanke hukunci a kan kututturen nama? Kai, Lado, yaron nan ya ce kekensa yana gindin tsamiya. Ka je ka duba?"

Lado bai je ba. Ya tafi yana gunaguni, ya dawo yana tura wani baƙin keke mai jar rigar sirdi, kansa a sunkuye. A ƙarƙashin sirdin an cusa ƙyallen goge ƙura, ragowar yadin rigar da aka yaga a jikin Ishiyaku. Sallau ya saki wuƙar, ya zauna a ƙasa daɓas yana salati. Jama'a suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da abin da ya bari a rumfa. Cikin ɗan lokaci ka rantse ba wanda ya taɓa cewa a cire hannu.

Gwadabe ya ce bai taɓa yin ajiyar zuciya irin ta ranar ba. Sai dai fa ga su nan a haɗe, ɗayan mukullin kuma yana Rano, sai da aka ba wani direba saƙo. Aka kira azahar suna zaune a gindin tsamiya. Waɗanda suka gani har yau in suna ba da labarin sai sun yi dariya da ƙwalla: kofur da tela a tsugune da buta ɗaya, wannan ya zuba wa wancan, wancan ya cuɗa wa wannan. Malam Muhammad Auwal ya tsaya a kansu yana cewa yau ya ga inda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Suka shiga sahu kafaɗa da kafaɗa, suka yi ruku'u tare, suka yi sujada tare, don ba yadda ɗaya zai riga ɗaya.

Bayan la'asar mukullin ya iso. Hannun Ishiyaku ko ƙwarzane babu. Na Gwadabe ya kumbura ya yi baƙi, kuma daga ranar yatsunsa biyu na hagu ba su ƙara jin zafi ko sanyi ba. Lambar yabo kuwa ba a ba shi ba. Abin da ya samu shi ne faɗa a kan kayan gwamnati da ya jefa a rijiya, da kuma na Barira, wanda ya ce ya fi na ofis zafi.

"Baban Sadiqa, da ya sara fa?"

"Ai bai sara ba."

"Da ya sara fa, na ce!"

Kwalbar man nan da yake ɗigawa kullum da safe kuwa, daga Saji take zuwa. Ba a taɓa bari ta ƙare ba, kuma ba a taɓa karɓar kuɗinta ba.

Ga ku nan, matasa masu sabon kaki, da 'yan sintiri, da duk wanda aka danƙa wa ƙarfe ya sa a hannun ɗan'uwansa. Ba a ce kowa ya ɗaure kansa da wanda ya kama ba, wannan sai mai ƙarfin hali. Amma zura ɗan yatsa ba ya bukatar jarumta. Wanda ke hannunku bai riga ya zama mai laifi ba, in ma ya zama, hannun nasa ne da shi zai ci abinci in ya fito. Mu kuma 'yan kasuwa masu saurin ihu, mu riƙa zuwa gindin tsamiya mu duba tukuna.

Mun gode, Saja Gwadabe. Allah ya saka maka da alheri, ya sa ka huta lafiya, ya sassauta maka ranar da kowa yake neman sassauci.

Ranar walimar ajiye aikinsa, Ishiyaku ya zo daga Saji, yanzu da furfura a gemu da shago mai kekunan ɗinki huɗu. Ya kawo farin kaftani da ya ɗinka da hannunsa, bai bar yaran shago sun taɓa ba. Gwadabe ya shiga ɗaki ya sa ya fito, jama'a suna ta sambarka. Sai telan ya matso ya kama hannunsa na hagu, ya ɓalla masa maɓallin hannun rigar a daidai kan tabon ankwar. Ya zura ɗan ƙaramin yatsansa tsakanin yadin da fata.

"Bai matse ba ko, Saja?"

Gwadabe ya girgiza kai.