'Yar Farin da Ban Taɓa Kiran Sunanta Ba

Ina da shekara goma sha tara na haifi 'yar farina a Roni, kuma a lokacin ba abin da nake taƙama da shi kamar a ce ina da kunya. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ni kuwa na zarce kowa. Ko kuka take, in dai surukata na tsakar gida, sai in kau da kai in ci gaba da ɓarar gyaɗa, raina na ƙuna. Da aka kai ta yaye wurin yayar mijina a Gwiwa, wata biyu aka ce. Kunya ta hana ni cewa a dawo min da ita, har ta shekara tara a can.

Ta dawo da ladabinta, amma kamar baƙuwa. Ƙannenta su faɗo jikina, ita ta gaishe ni daga bakin ƙofa. Ko zazzaɓi take ba ta faɗa min. Sai na samu mafaka, na ce ai jini ne, dangin ubanta duk miskilai ne.

Bara ta samu cikin fari a gidan aurenta a Kazaure. Na tara itace, na sayi kanwa, na gyara ɗaki, ina murnar zan yi mata jego. Sai mijinta ya zo, kai a sunkuye, ya ce ta roƙi alfarmar yin wankan a Gwiwa. Ranar suna na tarar da ita kwance, kanta a cinyar goggonta, tana shagwaɓa tana zuba surutu. Miskilar tawa! Kuma goggon nan ita ce jinin da nake ɗora wa laifi. Da muka keɓe, 'yar tawa ta faɗa min cikin murmushi cewa tana ƙarama ta zaci ban san sunanta ba. Wallahi gara a ce zagina ta yi.

Ban musa cewa kowa da halin da aka haife shi da shi ba, amma yaro yana sakin jiki ne da wanda ya amsa kukansa. 'Yan'uwana mata, kada kunya ta sa ku bar ɗa yana miƙo hannu. Ni dai itacen nan yana nan jingine a bayan ɗaki, damina ta wuce a kansa, na kasa sa shi a murhu.