Ranar da Addu'ar Baba ta Karɓu

A shagon dabinon da na yi aiki a unguwar Ƙuba ta Madina mu biyu ne Hausawa: ni, da wani dattijo mutumin Maraɗi da nake kira Baba. Ni ke ɗauko kwalaye daga sito, shi ke auna wa mahajjata dabino. Kafilinmu, mai shagon da takardun zamanmu ke hannunsa, mutum ne mai tumbi da saurin fushi, kuma duk duniya ba abin da yake so kamar kulob ɗin ƙwallon garin. Kulob ɗin kuwa, Allah ya ba su lafiya, ba su san hanyar raga ba. In aka lallasa su ranar Juma'a, mu ne za mu sha masifa har tsakiyar mako: kwali ya karkace, ƙasa ba ta sharu ba, shayi ya huce.

Baba ijaza yake nema, hutun zuwa gida. An sa ranar auren ɗiyarsa ta fari, an ɗaga, an sake ɗagawa don jiransa, har dangin ango suka aiko cewa wannan karon ko da shi ko ba shi. Abin da ya rage kafili ya danna wayarsa ya amince. Amsar kullum ɗaya ce: "Bukra, in sha Allah." Duk wanda ya yi zaman ƙasar nan ya san irin wannan goben ba ta zuwa.

Wata rana ana nuna wasa a talabijin ɗin shago, Baba na gefe yana jan carbinsa kamar yadda ya saba, sai kulob ya ci. Kafili ya waigo, ido waje. "Ya Hajji, aikinka ne?" Maimakon Baba ya ce shi laziminsa yake yi, sai ya sunkuyar da kai, ya yi wani murmushi irin na waliyyai, ya ce Allah ne mai yi. Mako na gaba ya ƙara da tofi ta wajen talabijin. Aka sake ci. Da ma kafili ya daɗe yana jin labarin cewa addu'ar mutanenmu ba ta faɗuwa ƙasa, ai kuwa ya haɗiye abin gaba ɗaya.

Na ce, "Baba, ko sunan mai tsaron gidansu ka sani?"

Ya ce, "Kai yaro, mi ya haɗa ni da sunanai? Ni dai a danna mini waya."

Da babban wasa ya zo da wani kulob na wani gari, kafili ya ce tofin talabijin ba zai isa ba, filin wasa za a kai Baba. Ni aka haɗa shi da ni don in riƙa yi masa bayani. A mota kafili ya dafa ƙirji ya ce, "In muka ci yau, Hajji, roƙi duk abin da kake so." Baba ya matse hannuna har sai da na ji zafi.

Ni kam murna ta ishe ni, don ni ɗan ƙwallo ne na gaske. Tun ina yaro nake haura katangar fili a Kaduna, kuma tun zuwana Madina ban ga ciyawa mai layi ba sai a waya da talabijin. Da muka shiga bayan la'asar na hango korenta, wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido. Sai dai rabin kujerun ba kowa. A gefe guda samari na dukan ganguna, shugabansu ya juya wa fili baya da lasifika a baki, har aka tashi ban ga ya kalli wasan ba. Sauran jama'a suna ta ɓare 'ya'yan kabewa suna tofar da ɓawo a kafaɗar na gaba.

Kafili ya rataya wa Baba gyalen kulob a kan jallabiya, ya zaunar da shi tsakiyar abokansa yana nuna shi kamar ragon layya da aka saya da tsada. Wannan ya zo a yi wa gwiwarsa addu'a, wancan ɗansa na da jarrabawa. Baba na ta rabon tofi, baki har kunne.

Aka busa. Kai, na ga wasa iri-iri, amma ban taɓa ganin lalaci mai albashi irin wannan ba. Ɗan gaban da suka ɗauko daga waje yana takawa a hankali kamar mai zuwa gaida surukai. Ba a jima ba baƙi suka zura mana ɗaya. Baba ya ga ƙwallo a raga, ya miƙe ya ɗaga hannu, "Alhamdu…" Na finciko rigarsa ya faɗo kan kujera. "Baba, mu aka ci!" Allah ya taimaka kafili ya rufe fuska da hannu biyu, bai gani ba. Bayan hutun rabin lokaci na raɗa masa cewa an canja gida, yanzu waccan ragar muke nema. Ya ce, "Don mi? Wa ya ce su tashi?"

Daga nan dariya ta ƙare mini. Lokaci na tafiya, kafili ya daina kallon fili, Baba yake harara. Shi kuma ya bar tofin burga. Leɓɓansa na motsi, carbi na gudu, hawaye na bin gemu. Da na kasa kunne na ji ba sunan kulob a bakinsa, sunan ɗiyarsa yake kira. Tausayinsa ya kama ni, na bar kallo, ni ma na shiga roƙo.

Wani namu ya buga wata banzar ƙwallo da ta nufi sama, ta daki ɗuwawun mai tsaron bayan baƙi, ta gangara raga. Ɗaya da ɗaya. Dab da tashi mai tsaron gidansu ya fito kama wata da ko jaririya za ta kama, santsi ya kwashe shi, ta wuce ta ƙarƙashinsa tana tafiyar hawainiya har ta tsallake layi. Fili ya rikice. Na rungume wani ƙato da ban taɓa gani ba, takalmina ɗaya ya tafi ban san inda ya nufa ba. Kafili na kuka yana sumbatar goshin Baba, abokansa suka ɗaga tsohon sama, hularsa na ta yawo hannu zuwa hannu.

A hanyar komawa ana kiran magariba, kafili na tuƙi yana waƙa. Baba ya gyara murya daga kujerar baya. "Ya mudir, maganar ijazar nan…"

Kafili ya fashe da dariya har yana dukan sitiyari. "Ijaza? Yanzu? Bayan abin da idona ya gani yau? Wallahi ba inda za ka, Hajji! Bana za mu hau babban rukuni, ka tafi ka bar mu da wa? In an gama kakar wasa ni da kaina zan saya maka tikiti. Roƙi wani abu: waya, agogo, jallabiya." Ya nuna ni da babban yatsa ta bayan kafaɗa. "Wannan dai in yana so ya tafi gobe. Ba abin da ya tsinana mana sai ihu."

Da muka shiga Ƙuba, Baba ya tambaye ni ƙasa-ƙasa, "Yaro, yaushe ake gama kakar wagga?"

Na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi. "Baba, yanzu aka kai rabi."

Bikin kuwa watan gobe ne. Ya ciro wayarsa, ya kira gida, ya jira matarsa ta ɗauka. Muryarsa ba ta ko girgiza ba. "Ku ɗaura," ya ce. "Kar ku ƙara jirana. Ku ce ma ƙanena shi tsaya a madadina, shi bada ita." Kafili, da ba ya jin Hausa, ya ɗauka wata addu'ar ce aka ɗora. Ya saki sitiyari da hannu ɗaya, ya shafa fuska, ya ce amin.