Duwatsun Malam

Jiya mijina Malam ya cika shekara da rasuwa. A jiyan ne kuma babban ɗana ya zo daga Manchester, wai zai kwashe duwatsun bayan gidanmu na Handsworth a malala siminti. Ina faɗar wannan labari ina hawaye, 'yata tana rubutawa.

Malam ya taɓa kai ni wani ɗan tsibiri a arewacin Scotland inda ya yi binciken noma. Babu bishiya ko ɗaya, iska mai gishiri tana yankar fuska, tumaki suna cin ciyawar teku. Mutanen wurin sukan kewaye shukar kabeji da jerin duwatsu, kada iska ta kwantar da ita. Malam ya durƙusa yana shafa dutsen mai sanyi, ya ce, "Hajiya, mutanen nan su ne manoma. Ba sa jiran ƙasa ta tausaya musu." Da muka dawo, ya jera nasa duwatsun da hannunsa, ya kewaye shukarmu ta bayan gida.

Jiya ɗana ya ce, "Umma, za ki yi tuntuɓe."

Na ce, "In na faɗi ka ɗaga ni. Amma muddin ina numfashi, ko dutse ɗaya ba zai gusa ba."

Allah ya jiƙan Malam, ya ba ni gwiwar durƙuson shukar bana.