Ragon Alhaji a Ragar Besbol

Ɗiyata tana da shekara goma sha huɗu ta shigo gida da wata 'yar taɓarya ta ƙarfe a kafaɗa, ta ce ita yanzu besbol take yi. Na ce mene ne kuma besbol? Ta ce wani ya jefo ƙwallo, wani ya maka mata sanda, sai a ruga da gudu. Na ce to ai mu a Maraɗi haka muke yi da ɓera, ba mu dai sa wa abin suna ba.

Ba ta yi dariya ba. Yarinya ce mai zurfin ciki, ko takalmi ba ta taɓa roƙona ba. Amma ran nan ta ce, "Baba, akwai gwaji a Lyon nan da wata guda. Wadda aka ɗauka za ta shiga wata lakkol, makarantar kwana a can, karatu da safe, wasa da yamma. Ni mai jifa ce, kuma ba ni da wurin koyo."

A Aubervilliers muke, can ƙasar Turawa, a ƙasan bene, da wani ɗan fili a baya wanda ko shanya ba ya isa. Nan na bugi ƙirji na ce zan gina mata raga. Ni direban bas, wanda ko ƙusa bai iya bugawa daidai ba!

Alhaji maƙwabcinmu, dattijo mutumin Damagaram mai mangaza, wato kanti, shi ya ba ni bututun ƙarfe da gidan sauro shida cikin waɗanda yake aikawa gida. Kwana uku ina ɗinki. Jifa ɗaya ta yi, ƙwallon ta huda gidan sauron ta wuce abinta, har yau ba mu san inda ta sauka ba. Na koma na samo tarun kamun kifi, na rufe sama da gefe, na jingina tsohuwar katifa a bango, na zana mata da'ira da alli.

Sai ta auna ta ce wurin ya yi gajere. Ikon Allah! Bango dai ba ya matsawa. Muka buɗe ƙofar baya, ta koma cikin madafa ta tsaya tsakanin firji da tukunyar tuwo, daga can take jifa. Uwarta ta koyi tuƙa tuwo a sunkuye, tana yi tana tsine wa duk wanda ya ƙirƙiro wasan.

Saura kwana goma Layya, da hantsi, na ji sallama. Alhaji ne, riƙe da igiya, a ƙarshen igiyar kuma ga rago fari mai ƙaho, ya ɗauko shi a bayan motarsa daga wata gona. Ya dubi ragar ya ce, "Madalla, Malam! Tun da na ga ka karɓi ƙarafa na ce wannan yaro yana da hangen nesa. Garke ya yi kyau." Na ce, "Alhaji, ai wannan ta wasan yarinya ce." Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai dai akwai barkwanci. Ga amana nan."

Wa zai mayar wa dattijo amana, da ƙarafansa a tsaye a gidanka? Na ce wa ɗiyata, "Ki yi jifanki, amma in kika taɓa ragon nan, ni da ke sai mu bar unguwa." Shi kuwa rago bai ga wurin tsayawa ba sai gaban katifa, daidai gefen da'irar, yana tuƙa yana kallonta. Kwana goma tana jifa daga madafa, ƙwallo na wucewa ta gefen kunnensa, ni ina bakin ƙofa ina salati. Ko gashinsa ba ta taɓa ba. Shi ne ma ya cinye kwata na tarun da rabin katifar.

Bayan Sallah muka hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Na zauna a benci cikin iyaye Turawa, ban san lokacin tafi ba, sai na ga sun tafa in bi. Da aka zo kanta, ta jefa, ta sake jefawa, mai horarwar ya cire hularsa ya tambaye ta a wane kulob ta koyi saiti haka. Ta waiwayo ta dube ni. Na girgiza mata kai, don Allah kada ta tona mana asiri.

An ɗauke ta. Sai da aka miƙo min takarda in sa hannu na karanta cewa a can za ta zauna, sai hutu ta zo gida. Ta faɗa min tun farko, ni ne hankalina ya tafi ga ƙusa da taru. Wallahi har na ji ina ma ta faɗi gwajin, na kuma ji kunyar kaina. Tana tsaye kusa da ni. Biron ya ƙi rubutu, ko kuma hannuna ne. Ta zaro nata daga jaka ta miƙo min, ta ce, "Baba, ga wannan, yana yi."

Na karɓa na sa hannu.