Gaisuwar da Maigidana Bai Gani Ba

Jikata ce ke rubutawa, ni faɗa nake yi, in na yi kuka ta jira ni.

Da aka ba mu jiha, maigidana ya samu aikin masinja, muka baro Argungu muka kama haya a unguwar Badariya, a babban birnin jihar. Nan ciwon kai ya same shi, can bayan idanu. Yakan ɗaure goshi da tsumma ya hau keke. Mun yi ƙaho, mun yi rubutu, bai saki ba. Hularsa ta matse shi, zobensa sai da maƙeri ya yanke. Muka ce ƙibar albashi ce.

Sai magana ta fara zuwa daga gida, wai ya daina gaida mutane. Yayansa, wanda ya riƙe shi tun yana maraya, ya ɗaga masa hannu a bakin kasuwar Argungu, ya wuce bai waiwaya ba. Shekarar nan Yaya bai aiko mana da shinkafa ba.

Maigidana ya ce, "Wallahi ban gane shi ba, ban ma gan shi ba." Ya aika ban haƙuri, aka ƙi karɓa.

Da jiki ya yi tsanani, wata rana na dawo daga ɗebo ruwa, na tarar da buhun shinkafa a ƙofa, maigidana na zaune kan tabarma, kai a ɗaure. Maƙwabciya ta ce wani dattijo ya tsaya a gefensa ya daɗe, ko sallama bai yi ba, yana jiran ƙane ya fara gaisuwa. Ya juya ya tafi. Nan na san Yaya ne.

A asibitin Sakkwato likita ya ce ƙari ne a ƙasan ƙwaƙwalwa, ya danne jijiyar ido, abin da ke gabansa kaɗai yake gani. Maigidana ya kama hannuna ya ce, "Ki gaya wa Yaya." Na aika, amma Yaya na fadama, kafin saƙo ya kai Allah ya yi ikonsa.

Wurin zaman makoki na gaya wa Yaya da bakina. Ya ce, "Da na matsa gabansa fa?"

Na ce, "Da ya gan ka, Yaya."

Duk kaka yana aiko shinkafa har ya rasu. Ban taɓa cinta da daɗi ba.